Nana Asma'u: Uwargarin Sakkwato da ta yi renon matan ƙauye

A Garwa, Marwa da Ngaundare akwai gidaje da yawa da ake Hausa a tsakar gida, a yi Fillanci a kasuwa, a karanta Larabci a makarantar allo. Mutanen irin waɗannan gidaje ba za su sha wahalar gane Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, domin da harsunan nan uku ta yi aikinta, kuma ta san wanda ya dace da kowane mai sauraro.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin ƙaura da yunwa da yaƙi, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. A zamanin ne kuma Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu, aka kafa daular Fombina, wadda lamidon Garwa da sauran lamiɓɓen arewacin Kamaru suka kasance ƙarƙashinta. Tarihin gidansu Asma'u ya taɓa bakin kogin Binuwai tun daga nan.

Ta ga mulkin mutum biyar: mahaifinta, wanda ya rasu a 1817, yayyenta Bello da Abubakar Atiku, sannan 'ya'yansu Aliyu Babba da Ahmadu. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, kuma sarautar ta zauna a zuriyar Giɗaɗo har zuwa kan Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997, wanda a ɗakin karatunsa aka adana rubuce-rubucenta masu yawa. Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce kaka ce ta babban gida kawai, irin wadda ake kai wa ƙarar 'yan'uwa ta sasanta.

Amma gidan da Asma'u ta rena ya wuce na cikinta. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, garuruwan daular sun cika da mata waɗanda aka kamo ko aka rabo da danginsu, yawancinsu Hausa kaɗai suke ji, kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Malaman Sakkwato suna rubutu da Larabci da Fillanci, waɗannan mata kuwa ba su da hanyar kaiwa gare shi. Asma'u ta ga giɓin. Ta mayar da waƙar mahaifinta ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ta shirya nata waƙoƙin a kan salla, tarihin Annabi (SAW), sunayen surorin Alƙur'ani da halayen mata salihai, a tsarin da mace za ta iya haddacewa tana daka ko kaɗi.

Daga nan 'Yan Taru suka samo asali. A kowane ƙauye ana zaɓen dattijuwa mai hankali, a kira ta jaji, Asma'u ta naɗa mata malfa da jan rawani. Jaji ce ke jagorantar ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana zuwa gidan Asma'u, su zo da zuma ko hatsi ko man shanu a raba wa mabukata, su koma da karatu. Matan aure masu goyo ba sa tafiyar, karatun ne ke iske su a ɗaka. Dabarar malfar nan abin lura ce, domin shugabar bori a Gobir, Inna, da irin wannan alama aka san ta. Asma'u ta bar wa mata alamar da suka saba girmamawa, ta sauya abin da ke ƙarƙashinta.

Inda aka fi ganin zuciyarta shi ne marsiyoyinta. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ta kuma yi wa wata jajinta da wata maƙwabciyarta, matan da ba su da sarauta, ta yaba musu haƙuri da zumunci da kula da marasa lafiya. Tsawon rai ya sa ta binne mafi yawan waɗanda suka yi hijirar Gudu tare da ita.

Ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, ƙaninta Isa kuma ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa. Rubuce-rubucenta kimanin 60 ne suka iso zamaninmu, kuma a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su cikin kundi ɗaya a Amurka.