Otto Schott, Maƙerin Gilashi

Duk wanda ya taɓa karatun dare da fitilar ƙwai ya san abin da kan faru in ɗigon ruwa ya faɗa kan kwalbarta tana da zafi: sai ta tsage nan take. Dalili kuwa, gilashi yakan buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi. To, ga labarin mutumin da ya nemo maganin wannan.

An haifi Otto Schott a garin Witten, ƙasar Jamus, cikin 1851. Ubansa mai sana'ar gilashi ne, watau gado ya yi, kamar Masaga na Bida. Amma shi ya haɗa gado da ilmi, ya yi karatun kimiyyar haɗa sinadarai har ya sami digirin dakta a Jena cikin 1875.

Cikin 1879 ya rubuta wa wani shaihin malami, Ernst Abbe, wanda ke neman gilashi mai kyau domin madubin likita. Suka haɗa kai. Schott ya dinga narka gilashi kaɗan kaɗan, yana sāke mahaɗi, yana gwadawa. Cikin 1884 suka kafa ma'aikata a Jena tare da Carl Zeiss. Kafin 1893 ya kammala wani gilashi mai sinadarin boron, wanda buɗewarsa da zafi misalin sulusin ta gilashin taga ce. Aka yi ma'aunin zafi da kwalaben fitilu da shi.

Ina ruwan masu duban taurari da wannan? Ai babban madubinsu in ya motsa ko da kaɗan ne, sai taurari su yi dishi-dishi, aikin shekaru ya tashi a banza. Saboda haka madubin Dutsen Palomar a Amirka, mai faɗin inci 200, da irin wannan gilashi aka zuba shi cikin 1934. A sararin sama abin ya fi tsanani, gama gefen rana ƙuna ne, gefen inuwa kuwa sanyi ƙarara.

Schott ya rasu cikin 1935, amma ma'aikatarsa ta ci gaba. Cikin 1968 ta fito da Zerodur, wanda kusan ba ya motsi sam, da shi kuma aka yi madubin Chandra da aka harba sama cikin 1999.

'Yan'uwa malaman gobe, in kwalba ta fashe a aji, kada mu tsaya kan faɗa kaɗai. Mu tambayi yara dalili. Wataƙila akwai wani Schott zaune a bencin baya.