Steve Biko: Ɗalibin da Ya Farkar da Jami'o'in Afirka ta Kudu

An haifi marigayi Bantu Stephen Biko ne ranar 18 ga watan Disamba na shekarar 1946, a yankin Gabashin Cape na Afirka ta Kudu. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta ci gaba da ɗawainiyar gida da aikin ƙodago. A 1966 ya shiga Jami'ar Natal da ke Durban domin koyon aikin likita, a sashen da aka keɓe wa waɗanda ba Turawa ba.

A wancan zamani ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NUSAS, tana adawa da wariyar launin fata, amma ragamarta na hannun farar fata. A babban taronta na 1967 a Jami'ar Rhodes, an hana wakilai baƙar fata kwana a ɗakunan jami'ar, aka kai su wata majami'a a unguwar baƙar fata. Wannan wulaƙanci ya sa Biko ya yanke shawarar cewa wanda ake zalunta shi ya kamata ya ja ragamar gwagwarmayarsa.

A watan Yulin 1969 aka ƙaddamar da ƙungiyar SASO a Jami'ar Arewa da ke Turfloop, da Biko a matsayin shugabanta na farko. Aƙidarta ita ce kishin baƙar fata: mutum ya fara kawar da jin ƙasƙanci daga zuciyarsa kafin ya tunkari azzalumi. Ƙungiyar ta haɗa da Indiyawa da masu ruwa biyu, abin da ya yi hannun riga da manufar gwamnati ta raba kan al'umma.

Ba a daɗe ba tasirinta ya bayyana. A 1972 aka kori Onkgopotse Tiro daga Turfloop saboda ya soki tsarin ilimin wariya a bikin yaye ɗalibai, nan take ɗaliban jami'o'in baƙar fata suka ƙaurace wa azuzuwa. Daga bisani Tiro ya koyar a wata makarantar sakandare a Soweto, garin da yara 'yan makaranta suka yi bore ranar 16 ga watan Yunin 1976.

Shi kuwa Biko, an sallame shi daga jami'a a 1972, a shekara mai bi kuma mahukunta suka yi masa ɗaurin talala a garin King William's Town. Duk da haka ya taimaka wajen kafa asibitin Zanempilo domin talakawan karkara.

Ranar 18 ga watan Agustan 1977 'yan sanda suka kama shi. Bayan dukan da ya ji masa rauni a ƙwaƙwalwa a Port Elizabeth, aka jefa shi tsirara a bayan mota zuwa Pretoria, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A can ya cika ranar 12 ga watan Satumba, yana da shekara 30. Da farko gwamnati ta yi iƙirarin cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi.

A watan Oktoba aka haramta SASO, a watan Nuwamba kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tilasta takunkumin sayar wa ƙasar makamai. A 1999 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ƙi yin afuwa ga 'yan sandan da ke da hannu a mutuwarsa.