Tarihin Tamaki Miura, Zabiyar Japan Da Ta Mutu Sau 2,000 A Dandamalin Turawa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu leƙa ƙasar Japan, mu kawo muku labarin wata mata mai suna Tamaki Miura. Ita ce mace ta farko daga ƙasarta da ta yi suna a Turai da Amurka wajen wasan da Turawa ke kira opera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa, kome da waƙa ake faɗinsa, ga makaɗa suna rakiya da goge da algaitu irin nasu. Sunan da ta yi kuwa a kan wasa ɗaya ta yi shi, inda take fitowa a matsayin wata yarinyar Japan da Turawa suka ƙaga, wadda halinta da na Miura ko kusa ba su haɗu ba.

An haifi Tamaki a birnin Tokyo ran 22 ga Fabrairu, 1884, a gidan wani masanin shari'a mai suna Shibata. Da ta taso ta ce ita sai makarantar kiɗa da waƙa ta Tokyo, uban ya ƙi, daga baya ya yarda bisa sharaɗin ta auri wanda ya zaɓa mata, wani likitan soja. Ta shiga makarantar cikin 1900, a kan keke take zuwa, abin da mutanen gari ba su saba gani wurin mace ba, har ya zama abin magana a jaridu. Cikin 1903, tana ɗaliba, ta fito a wasan Orfeo na Gluck, wanda shi ne opera na farko da mutanen Japan suka shirya da kansu. Auren da aka yi mata bai yi ƙarko ba. Ta ci gaba da waƙarta, ta shiga babban gidan wasa na Tokyo cikin 1911, sa'an nan cikin 1913 ta auri wani likita mai suna Masataro Miura.

Cikin 1914 su biyu suka tafi Jamus neman ilmi. Ba su daɗe ba Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, suka tsere zuwa London. A can ne, ran 31 ga Mayu, 1915, ta fara fitowa a wasan Madama Butterfly.

To, bari mu ɗan tsaya a kan wannan wasa, don sai an san shi za a gane rayuwar matar. Wani Ba'italiye ne mai suna Giacomo Puccini ya tsara waƙoƙinsa, aka fara nuna shi a Milan ran 17 ga Fabrairu, 1904. Puccini bai taɓa taka ƙasar Japan ba. Labarin ya samo shi daga wani wasa da ya kalla a London cikin 1900, shi kuma wasan daga gajeren labarin wani Ba'amurke aka ciro shi. Ga yadda yake: wani hafsan sojan ruwa na Amurka, Pinkerton, ya sauka a Nagasaki, ya biya dillali aka aura masa yarinya 'yar shekara 15 mai suna Cio-Cio-San, alhali a ransa aure ne na ɗan lokaci. Ita kuwa ta ɗauki abin da gaske, ta bar addinin iyayenta, danginta suka yi mata baki. Ya tafi ya bar ta, ta haifa masa ɗa, ta yi shekara 3 tana duban hanyar jirgi. Da ya dawo, da matarsa Ba'amurkiya ya zo, don su karɓi yaron. Yarinyar ta ɗauki wuƙar mahaifinta ta kashe kanta.

Ba Puccini kaɗai ya yi irin wannan ba. A wasan Lakme na 1883, yarinyar Indiya ce ke cin guba saboda wani hafsan Ingila. A wasan Iris na 1898, yarinyar Japan ce ake sacewa, ta ƙare da faɗawa cikin rami. A Turandot na 1926, wanda aka ɗora labarinsa a kan ƙasar Sin, kuyanga ce ke soke kanta don ubangidanta. Kusan ko yaushe macen Asiya a waɗannan wasanni ƙarama ce, mai ladabi, ba ta da ta cewa, ƙarshenta kuwa mutuwa. A wancan zamani ƙasashen Turai na mulkin mallaka a yankuna da yawa na Asiya, saboda haka hoton mace mai durƙuso tana jiran Bature ya yi wa 'yan kallo daɗi ƙwarai.

Kafin Miura, matan Turawa ne ke shafa hoda su ɗaura tufafin Japan su fito a wannan matsayi. Da masu gidajen wasa suka sami 'yar ƙasar da kanta, sai suka mai da asalinta abin talla. Cikin wannan shekara ta 1915 aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta yi ta zagaya manyan birane kamar Chicago da New York, daga baya ta kai har Amurka ta Kudu da Italiya. Cikin 1920 ta sadu da Puccini kansa. Masu sharhi a jaridun Turawa sun yabe ta, amma sau da yawa ƙanƙantar jikinta da tafiyarta da yadda take sarrafa hannu suka fi ɗauke musu hankali, kamar dai ba koyo ta yi ba, halitta ce kawai. Sauran manyan wasannin da aka san ta da su, Iris da Madame Chrysantheme da Namiko-San wanda aka tsara dominta aka nuna a Chicago cikin 1925, duk na 'yan matan Japan ne. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a garin wasu ya san yadda ake yi wa baƙo riga ɗaya, a ce ita ce daidai da shi da duk danginsa.

Ita dai Miura ta san kurakuran wasan sarai, domin al'adun da ake nunawa a ciki da yawa ba haka suke a Japan ba. Abin da ta iya yi shi ne gyara abin da ke hannunta: ɗaurin tufafi, da zama, da gaisuwa, da tafiya. Labarin kansa kuwa ba ta da ikon taɓa shi. Wani abin tunani a nan shi ne, gyaran nan da ta yi ya ƙara sa 'yan kallo suka gaskata cewa haka matan Japan suke.

A gida ma ra'ayi ya rabu a kanta. Wasu na alfahari da 'yarsu da ta kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa, wasu kuwa na ganin wasan cin fuska ne ga ƙasarsu. Ga kuma surutu a kan aurenta, domin mijinta ya koma Japan ya ci gaba da bincikensa, har yana cikin waɗanda suka gano sinadarin bitamin C a cikin koren shayi, ita kuwa ta zauna a ƙasashen waje tana sana'arta. Ya rasu cikin 1929 ba ta ƙasar. Yarinyar cikin wasa ita ce ke zaune tana jiran miji ya dawo daga teku. A gidan Miura, matar ce ta ƙetare teku, tana ci da guminta.

An ƙiyasta cewa ta fito a Madama Butterfly sau 2,000 kafin ta koma gida da zama. Cikin 1936 ta nuna wasan a Tokyo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Japan ke gwabzawa da Amurka, ta ƙaura zuwa bakin tafkin Yamanaka, kusa da dutsen Fuji. Bayan yaƙi ta sake hawa dandamali duk da ciwon da ke cin ta, ta rasu a Tokyo ran 26 ga Mayu, 1946, tana da shekara 62.

Gardamar da ta taso a zamaninta ba ta mutu da ita ba. Cikin 1988 wani marubuci Ba'amurke ɗan asalin Sin, David Henry Hwang, ya fito da wasan M. Butterfly, inda ya juya labarin ya nuna yadda mafarkin Bature game da macen Asiya ya halaka shi. Cikin 1989 kuma aka fito da Miss Saigon, wanda ya mai da tsohon labarin ƙasar Vietnam, 'yan asalin Asiya da dama suka yi ta sukarsa.

A birnin Nagasaki, a lambun Glover da ke kan tudu yana duban tashar jiragen ruwa, an kafa mutum-mutumin Tamaki Miura. Cikin tufafin Cio-Cio-San aka sassaƙa ta, ga yaro a gefenta, tana nuna masa teku.