Mary Lou Williams, Mai Tsara Kiɗa da Ta Shigo Ikkilisiya

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wata baiwar Allah baƙar fata daga Amurka, wadda ta yi suna a kiɗan jaz tun kafin ta zama 'yar Katolika. An haifi Mary Lou Williams a birnin Atlanta ranar 8 ga Mayu, 1910, ta tashi a Pittsburgh. Tun tana ƙaramar yarinya take kaɗa fiyano a gidajen mutane, abin da ta samu ta kawo gida.

Daga wajen 1929 zuwa 1942 ta zauna da ƙungiyar makaɗan Andy Kirk, wadda ta yi fice a birnin Kansas. A nan ta zama mai tsara kiɗa. Irin wannan babbar ƙungiya takan haɗa mutum goma sha biyu ko fiye: masu busa ƙaho, masu busa saksofon, sai masu fiyano da ganguna da ke riƙe da taki. Aikin mai tsarawa shi ne ya rubuta wa kowa rabonsa a takarda. Da fari Mary Lou ba ta iya rubutun kiɗa ba, sai ta riƙa faɗa wa Kirk sautukan da take ji a kanta, shi yana rubutawa, har ta koya.

A ganinmu, gwanintarta ta fi bayyana a waƙoƙin sanyi masu tafiya a hankali, irin su What's Your Story, Morning Glory ta 1938. A kiɗa mai sauri kuskure yakan ɓuya cikin hayaniya. A mai sanyi kuwa ana jan kowane sauti, dole masu busa su ja numfashi tare, su saki tare, kuma mutum ɗaya da ya ɗaga sauti fiye da kima ya ɓata wa kowa. Mai tsarawa sai ya san wanda zai yi shiru, da lokacin da zai shigo. Duk wanda ya taɓa koyar da mawaƙan majami'a waƙar Juma'a Mai Kyau ya san wannan wahala. Ta kuma iya dabara: da ƙungiyar ta rasa mai saksofon na huɗu, sai ta haɗa ƙaho ɗaya da saksofon uku, sautin ya cika. Benny Goodman da Duke Ellington duk sun karɓi aikin hannunta.

Amma suna bai kwantar mata da zuciya ba. Ta ga yadda ƙwaya da giya suke cinye abokan sana'arta. A 1954, tana birnin Faris, ta ajiye kiɗa, ta koma Nuyok. Ta shafe kusan shekara uku cikin addu'a, tana yawan zama a majami'ar Uwargidanmu ta Lourdes a unguwar Harlem. A 1957 aka yi mata baftisma tare da ƙawarta, matar Dizzy Gillespie. Ta buɗe gidanta ga makaɗa marasa lafiya, ta kuma kafa shagon gwanjo don ta samu abin kula da su.

Firistoci ne, tare da Gillespie, suka lallashe ta ta koma kan fiyano. Da Paparoma Yohanna na 23 ya ɗaga Martin de Porres zuwa matsayin waliyi a 1962, ta tsara masa waƙar yabo. Hikimar da ta koya wajen jera ƙahoni ita ta juya kan muryoyin mutane, waƙar tana tafiya a natse, muryoyin suna matse da juna. Bayan haka ta rubuta kiɗan Mas har guda uku. Ba kowane limami ne ya yi na'am da jaz a gaban bagadi ba, ta kuwa yi haƙuri. A 1975 aka rera na ukun a babbar majami'ar Waliyi Patrick ta Nuyok, jama'a cike maƙil.

Daga 1977 ta koyar a Jami'ar Duke, har ciwon daji ya ɗauke ta ranar 28 ga Mayu, 1981. An binne ta a maƙabartar Katolika ta Calvary, a Pittsburgh inda ta tashi.