Muhammad al-Kashnawi: Bakatsinen da ya shahara a ilmin hisabi

Sheikh Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi yana cikin manyan malaman da ƙasar Hausa ta fitar a ƙarni na 18.

Kamar yadda laƙabinsa ya nuna, Bafulatani ne mutumin Katsina.

Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, da Muhammad Bindu, wanda ya koya masa ilmin haruffa da hatimi.

Daga bisani ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a birnin Alkahira na ƙasar Masar.

Littafinsa Bahjat al-Afaq ya yi bayanin yadda ake gina hatimi, wato murabba'in da ake rarraba lambobi a gidajensa har jimillar kowane layi ta zo ɗaya.

Alal misali, a hatimi mai gida 9 ana sanya 5 a tsakiya, kuma kowane layi, na tsaye ko na kwance ko na karkace, yana bayar da 15.

A mai gida 25 kuwa, 13 ce a tsakiya, jimillar kowane layi kuma 65.

Ko an juya hatimin ko an kifa shi, jimillar ba ta canjawa. Irin wannan tunani ne ɗaliban sakandare a Kazaure ko Babura ke amfani da shi wajen tabbatar da cewa alwatika biyu daidai suke, domin juyawa ba ta sauya tsawon gefe ko faɗin kusurwa.

Ya kuma rubuta al-Durr al-Manzum a kan ilmin taurari da ɗalasimai.

A Alkahira, Sheikh Hasan al-Jabarti ne ya sauke shi, ya kuma yi karatu a wurinsa. A gidan nan ne Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1741, ya bar wa mai masaukin nasa amanar littattafansa.

Ɗan Sheikh Hasan, wato masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana tarihin malamin a littafinsa Aja'ib al-Athar.

A 1973, Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta yi bayanin aikinsa a littafinta Africa Counts, abin da ya ƙara fito da sunansa ga masu nazarin tarihin lissafi a Afirka.