Buddy Bolden, Sarkin Busa Wanda Ba a Sami Faifansa Ba

Jama'a masu sha'awar tara faifan garmaho, yau za mu ba ku labarin wani mabushi wanda duk duniya ba mai faifansa. An haifi Buddy Bolden a birnin New Orleans na Amurka cikin 1877. Baƙar fata ne, ƙaho irin na badujala yake busawa, da ƙarfin gaske, har mutanen garin suka yi masa laƙabi da Sarki. Masana suna lasafta shi cikin waɗanda suka fara kiɗan jaz.

Cikin 1907 hankalinsa ya taɓu, aka kai shi asibitin mahaukata a garin Jackson. Can ya zauna shekara 24, har ya rasu cikin 1931. Faifan jaz na farko kuwa sai 1917 ya fito, kuma abin takaici, Turawa ne suka yi shi.

Abokin busarsa, Willy Cornish, ya ce an taɓa ɗaukar busarsu a faifai irin na dā, mai siffar gwangwani. Masu tara faifai sun yi shekara da shekaru suna cigiyarsa, ba labari. Mu dai abin da muka gani hotonsa ne guda ɗaya tak, yana tsaye cikin abokansa, riƙe da ƙahonsa.