Tarihin Andrew Foster, kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka makarantu fiye da 30

Duk wanda ya taɓa shiga makarantar kurame a Najeriya, Ghana, Chadi ko Kamaru ya ga yara suna karatu da yatsunsu, to ya ga wani ɓangare na aikin Andrew Jackson Foster. Baƙar fata ne ɗan Amurka, wanda cutar sanƙarau ta kurumtar da shi yana yaro, ya kuma shafe shekara 30 yana bin ƙasashen Afirka domin shawo kan iyaye su fito da 'ya'yansu kurame su sa su a makaranta.

Sanƙarau ya ɗauke masa ji

An haifi Foster ranar 27 ga Yuni, 1925, a unguwar Ensley da ke birnin Birmingham a jihar Alabama. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa, dukansu biyu suka tashi daga jinyar ba sa ji.

Zamanin nan wariyar launin fata na kan ganiyarta a kudancin Amurka, har kurame ma an raba musu makaranta. Iyayensa suka kai shi ta kurame baƙar fata da ke garin Talladega, inda karatu ke tsayawa a matakin firamare.

Da ya kai shekara 17 sai ya koma birnin Detroit. Da rana yana aiki a masana'antu, da dare yana zuwa aji, sakandare kuma ya kammala ta ta hanyar darussan da ake aiko masa ta gidan waya.

A 1951 ya samu gurbi a Kwalejin Gallaudet da ke Washington, babbar makarantar kurame da ta fi kowace suna a duniya. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya fita daga cikinta da digiri. Cikin shekara biyu da suka biyo baya ya ƙara karatu mai zurfi a Michigan da Seattle, a fannin koyarwa da na aikin mishan.

Tafiya Afirka

Foster Kirista ne mai wa'azi, kuma burinsa na yaɗa addininsa na cikin abin da ya kawo shi Afirka. Ƙungiyoyin mishan na lokacin sun ƙi ɗaukarsa saboda launin fatarsa, don haka a 1956 ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit, ya riƙa zagaya coci-coci yana neman gudunmawa.

Ya sauka a Ghana a 1957, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai. A lokacin, makarantun kurame a nahiyar gaba ɗaya ba su wuce 12 ba, yawancinsu a arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. Ya ari aji a wata makarantar coci a unguwar Osu da ke Accra, yana koyarwa bayan ɗaliban makarantar sun tashi. Daga baya ya mayar da makarantar garin Mampong-Akwapim, ta zama ta kwana.

Samun ɗalibai ya fi samun aji wuya. A wurare da dama jami'ai kan shaida masa cewa babu yara kurame a yankinsu. Yaran kuwa suna nan, a cikin gida ko a gona. Wasu iyayen kunya ce ke sa su ɓoye su, wasu sun ɗauka aikin aljanu ne ko sammu, wasu kuma ba su ga amfanin kashe kuɗi a kan yaron da suke zaton ba zai taɓa fahimtar komai ba.

Babbar hujjar Foster a gaban irin waɗannan iyaye ita ce shi kansa: ga kurma mai digiri, yana karatu da rubutu, yana tafiyar da makaranta, yana zama da ministoci. Uban da ya gan shi da idonsa, da wuya ya ci gaba da cewa ɗansa ba zai iya ba.

Najeriya da ƙasashe rainon Faransa

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan wasu suka biyo baya a Kaduna da Enugu. A Najeriya ne kuma aka ɗaura aurensa da Berta Zuther a 1961, wata kurma Bajamushiya da suka haɗu a taron kurame na duniya a Jamus a 1959. Sun haifi 'ya'ya biyar.

Ibadan ta zama cibiyarsa. Nan yake tara matasa kurame daga ƙasashe daban-daban, ya horar da su aikin malanta, su koma gida su riƙe makarantu. Ta haka aikin ya shiga ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Kwaddibuwa, Togo, Benin, Chadi, Senegal, Kamaru, Burkina Faso da Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Jimilla ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Ya kuma tura ɗalibansa masu hazaƙa karatu Gallaudet, cikinsu har da Seth Tetteh-Ocloo, wanda ya zama jagoran kuramen Ghana. A 1970 kwalejin ta ba Foster digirin girmamawa na dakta.

Yadda yake koyarwa

A zamaninsa makarantun kurame da yawa a Turai da Amurka sun hana magana da hannu. Ana tilasta wa yaro ya kalli leɓen malami ya kwaikwayi sautin da bai taɓa ji ba, shekaru su wuce bai iya karatu ba. Foster ya ɗauki wata hanya: a haɗa alamun hannu, harafta kalma da yatsu, rubutu, hoto da magana ga wanda zai iya, muddin saƙo zai isa ga yaro.

Wannan hanya ta bar baya da ƙura ta wani gefen. Maganar hannun Amurka ya zo da ita, ita ce kuma ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya da na ƙasashe rainon Faransa. Masana harshe na ganin hakan ya danne harsunan kurame na gida. Ƙasar Hausa ma tana da nata tun kafin zuwan boko, wato maganar hannu ko maganar bebaye, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000.

Foster ya rasu ranar 3 ga Disamba, 1987, yana da shekara 62, lokacin da ƙaramin jirgin saman da ya hau zuwa Kenya ya faɗi a ƙasar Ruwanda. Matarsa ta ci gaba da jagorantar ƙungiyar bayansa.

Abin da ya bar wa iyayen yau

Cutar da ta kurumtar da Foster sananniya ce a Illela, Birnin Ƙonni da Malbaza na jihar Tahoua, haka ma Sakkwato, Katsina da Kano. Duk suna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi daga hunturu zuwa zafin bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani na fita da wata illa, kurumta na cikinsu. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata. Rigakafin sanƙarau da na ƙyanda, gaggauta kai jariri mai shawara asibiti, maganin kunne mai fitar da ruwa da guje wa allurar da likita bai rubuta ba, duk suna cikin matakan kariya.

Shi Foster ya riga ya iya magana kafin ya kurumce, wannan ne ya sauƙaƙa masa karatu. Yaron da aka haifa kurma, ko ya rasa ji kafin ya buɗe baki, ba shi da wannan jari. Shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa koyon maganar hannu ba.

Don haka jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya waiwayen muryar uwarsa, ko ya wuce shekara bai fara gwaranci ba, a kai shi gwajin ji, kada a zauna jiran bakinsa ya buɗe da kansa. Haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau. Gwajin jarirai ba ya da zafi, 'yan mintoci ne. A Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa, manyan asibitocin koyarwa irin na Sakkwato da Kano kuma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Idan gwaji ya tabbatar da matsalar, na'urar ƙara ji na taimaka wa wasu yaran. Ko da ita ko babu, gida ne makarantar farko: a fuskanci yaro idan za a yi masa magana, a nuna masa abu a ba shi alamarsa, uwa da uba da yayye su koyi maganar hannu daga manyan kuramen unguwa, a sa shi cikin hira da wasa da aike kamar sauran yara. 'Yan uwa da ke ci-rani ko zaune a ƙasashen waje, kuɗin gwaji, na na'ura ko na makaranta na cikin taimakon da ya fi daɗewa yana amfani.

A 2004 ƙungiyar kurame baƙar fata ta Amurka ta kafa mutum-mutumin Foster a Gallaudet. Makarantar da ya soma a aron aji a Accra tana nan a Mampong-Akwapim, ta Ibadan ma har yau tana karɓar ɗalibai.